Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce

Duk bikin da na halarta a Taura a 'yan shekarun nan, sai na ga matasa masu ɗaukar hoto sun rataya kyamara mai dogon ido kamar taɓarya. Har masu biki sun soma auna gwanintar mai hoto da tsawon idon kyamararsa. Wannan yayi yana damuna, domin ina ganin yana raba mu da hoton gaskiya.

A 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fito da Leica, 'yar ƙaramar kyamarar da Oskar Barnack ya ƙirƙiro, da ido mai milimita 50 wanda ake tura shi ciki a jefa ta aljihu. Daga baya, a 1954, Leica M3 ta zo. Irin wannan kyamarar tana da ma'aunin nisa: za ka leƙa ta wata 'yar taga ka ga siffa biyu, ka murɗa ido har su haɗe su zama ɗaya, to hoto ya fito ke nan. Tunda tagar tana gefe, in idon ya yi ƙato sai ya tare maka wani sashe na abin da kake kallo. Ita kanta kyamarar ce ke koya wa mai ita son ƙaramin ido. Da irin wannan kayan Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi akasarin hotunan da duniya ta san shi da su.

Na san Leica ta fi ƙarfin aljihunmu, amma darasin nata kyauta ne. Idon Canon mai milimita 50, f/1.8, nauyinsa wajen giram 160 ne, alhali dogon ido mai zum na milimita 70 zuwa 200, f/2.8, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ƙaramin kuma ya fi shigar da haske, abin da ake buƙata a ɗakin amarya ko bayan magariba. Kusancin abubuwa da nisansu suna fitowa a cikinsa kusan yadda idon mutum ke gani.

Amma babban dalilina shi ne kunyar mutanenmu. Ka shiga kasuwar Gujungu da ƙaton ido ka gani: mai awon gero zai daskare, dattijuwa ta ja mayafi, yara su yi maka zobe. Da ƙaramin ido kuwa dole ka matso, ka yi sallama, ka nemi izini, ku gaisa. Kafin ka danna, mutum ya saki jiki, fuskar da ya saba da ita a gida ita za ka samu.

Ban ce a zubar da zum ba. Ranar hawan sallah a Ringim ko Dutse, lokacin da dawakai suka taso jahi, wanda ya matso kusa ya sayi hoto da ransa. Can dogon ido yake da rana. Sai dai hawan sau nawa ne a shekara? Suna, ɗaurin aure da saukar karatu kuwa kullum ana yi.

Shawarata ga ƙannena masu koyon wannan sana'a: ku yi wata uku da ido ɗaya tal, milimita 50, ko 35 in kyamararku mai ƙaramin maɗaukin hoto ce. In abu ya yi nisa, ku taka da ƙafa. Za ku koyi inda ake tsayawa da yadda ake yi wa mutane magana, kuma waɗannan biyun ba a sayar da su a shagon kyamara.