Gwanintar Buɗe Wasa a Darar Ces

Allon ces gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma mai farare ne ke fara takawa. Hanyoyi 20 ne a gabansa a takun farko, amma in ka zauna wurin masu buga wasan don sha'awa, za ka ga akasarinsu dakaren gaban sarki suke turawa gida biyu. Ba a banza ba: taku ɗaya ne, ya kama tsakiyar allo, ya kuma buɗe wa sarauniya da giwa hanya.

Daga nan ake gane hannu. Buɗin da ya fi burge ni shi ne na Italiya, wanda Gioachino Greco ya yi fice da shi tun ƙarni na 17. Doki ya fito ya yi wa dakaren baƙaƙe barazana, giwa ta bi ta karkace ta tsaya a gidan c4, ta zuba wa f7 ido. Wannan gida shi ne lagon baƙaƙe, domin a farkon wasa ba mai gadinsa sai sarki shi kaɗai.

Sabon shiga da ya gano wannan lago sai zumuɗi ya kwashe shi. Ya fito da sarauniya tun taku na biyu, yana son gama wasa a taku huɗu. Kalli yadda gwani ke tarbarsa: ko gezau. Ya fito da doki ya kare dakarensa, ya tura wani dakaren ya kori sarauniyar, ta koma f3, ya sake fito da ɗaya dokin ya toshe mata hanya. Kafin mai gaggawa ya farga, sarauniyarsa na ta yawo, shi kuwa gwani mayaƙansa sun fito fili. Sauri ya haifi nawa.

Akwai masu fakewa da tsarin Landan, wanda ya samo sunansa daga wata gasa ta 1922, domin kusan jeri ɗaya ake yi ko da wa aka haɗu. Ban raina su ba, mai aiki ba shi da lokacin haddace littattafai. Amma na fi jinjina wa wanda in ka tsare shi ka ce me ya sa ya ajiye giwa a c4, zai ɗora yatsa a kan f7 ya nuna maka abin da yake shiryawa nan da taku uku.