Daga Dandali Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Naɗa Tauraron Mawaƙi A Yau?

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wa ke sauya kiɗan? A wannan ɗan nazari za mu duba yadda hanyar yin suna a waƙar Hausa ta juya, kuma za mu auna ta da kunnen mai sauraro na karkara, kamar mutumin Wagini da ke yankin Batsari da Safana a Jihar Katsina.

A da, dandali ne ke yin mawaƙi. Dubi Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa. Bai gaji kiɗa ba, a kasuwanni da wuraren wasa ya fara, yana talla yana waƙa. Kafin muryarsa ta shiga faifan garmaho, ko Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya yaɗa ta ko'ina, sai da manoma da 'yan kasuwa suka gwada shi ido da ido. A dandali ba a ɓoye gazawa. In waƙa ba ta yi armashi ba, jama'a su watse, makaɗi ya kwana da yunwa. Haka kuma yaro kan daɗe yana amshi ko riƙon kalangu kafin ya buɗe baki da tasa waƙar. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 tabbatar da hukuncin da talakawa suka riga suka yanke ne kawai.

Zuwan kaset bai rushe wannan tsari ba, faɗaɗa shi ya yi. Babban sauyi ya zo ne da finafinan bidiyo na Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990. Zuwa lokacin da Sangaya ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu, fiyano ta maye gurbin makaɗa biyar ko shida, sutudiyo kuma ya maye gurbin dandali. Abin mamaki, mai rera waƙar yana ɓoye, ɗan wasan da ke motsa baki a fim shi ke kwashe farin jinin. Sai daga baya irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka fito da sunansu a kan kundin waƙoƙinsu.

Sannan wayar hannu ta shigo. A kasuwannin ƙauye, matashi kan miƙa wa mai tura waƙoƙi 'yan kuɗi kaɗan a cika masa memori. Waƙa ta isa lungu, amma ko kwabo bai isa aljihun mai ita ba. A nan gizo ke saƙar. Tun da sayar da waƙa ba ya ciyar da mawaƙi, dole ya nemi ubangida. Shi ya sa waƙar siyasa ta zama babbar gona, kamar yadda Dauda Kahutu Rarara, wani ɗan Jihar Katsina, ya yi tashe a zaɓen 2015. Wasu kuwa intanet ce ta ɗaga su dare ɗaya, kamar Hamisu Breaker da waƙarsa Jaruma a 2020, lokacin kullen korona, da mata suka riƙa ɗaukar bidiyon rawarta suna yaɗawa.

Ba za mu ƙi faɗin alherin wannan zamani ba. Ƙofa ta buɗe ga wanda ba shi da gado ko uban gida a fada, kuma muryar Bahaushe na kaiwa ƙasashen da Shata sai da ya hau jirgi ya je. Sai dai riba ba ta rasa hasara. Na'ura na gyara muryar da ba ta nuna ba, kiɗa ya zama iri ɗaya, kalmomi 'yan kaɗan ake juyawa. Tauraro kan haska kafin ya koyi sana'ar, ya kuma dushe kafin ya ƙware.

Mutumin Wagini fa? Da yana cikin alƙalai, yanzu ɗan karɓa ne kawai. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi garuruwan bakin dajin Rugu ta rage taron dare da shagalin biki, inda sabon makaɗi ke gwada kansa. Da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a 2021, har sabuwar hanyar ma ta toshe na wani lokaci.

Don haka muna kira ga marubuta da manazarta: kada yawan masu kallo a YouTube ya zama ma'auninmu. Mu auna waƙa da azancinta, da nauyin maganarta, da ko za a iya rera ta a gaban jama'a ba tare da lantarki ba. Gidajen rediyon Katsina kuma su nemi makaɗan karkara su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Suna da ya zo da gaggawa, ramin ƙarya ne, ƙurarre ne.