Baƙo a fina-finanmu: Wai shin alheri adashi ne?

Akwai wani labari da masu shirya fim ɗin Hausa ba sa gajiya da shi, tun zamanin kaset har zuwa yau da ake kallon fim mai dogon zango a YouTube. Yarinya 'yar talakawa, mai tallar abinci, ta ga wani baƙo yashe a bakin tasha, ba takalmi, ba ko sisi. Kowa ya kore shi, ita ta zuba masa tuwo kyauta, kishiyar uwarta ta lakaɗa mata duka a kan haka. Kafin a ci rabin fim sai ga jerin motoci a ƙofar gidansu. Ashe ɗan wani hamshaƙin Alhaji ne da ya ɓad da kama yana neman matar aure ta gari! Sai waƙa, sai rawa a lambu, sai biki. Wani lokacin a juya, a ce direba ne ya tsinci tsoho a hanya ya kai shi asibiti, daga baya tsohon ya mallaka masa kamfani.

Mai karatu, ka zauna a kowace majalisar matasa ta unguwar Nasarawa a nan Birnin Kebbi lokacin da ake kallon irin wannan fim a waya. Tun baƙon bai buɗe baki ba za ka ji wani ya ce, "Ai wannan ɗan masu kuɗi ne." Kuma ya canka daidai, domin kowa ya san furodusa ba ya ɗauko babban jarumi ya sa masa tsumma a banza.

Ba wanda ke jayayya da saƙon. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tarihin baka na Daura ma a kan baƙo aka gina shi: tsohuwa Ayana ta sauki Bayajida, ya nemi ruwa babu, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiba. To amma a lura, garin ne gaba ɗaya ya sha ruwa, ba tsohuwar kaɗai ba. Matsalar fina-finanmu ita ce sun mai da alheri tamkar adashi: ka zuba kwanon tuwo yau, ka kwashi gidan bene gobe, kuma daga hannun wanda ka bai wa. Yaron da ya tashi da wannan lissafi me zai yi ranar da ya haɗu da baƙo na gaskiya? Wanda ya tsallako daga Nijar ta Kamba neman aikin ƙarfi, ko matar da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu ta iso da goyo, ba wata mota da ke biye da su. Fim ɗin da ya koya maka cewa ana taimakon baƙo ne don wataƙila ɗan sarki ne, ya koya maka kuma ka wuce wanda ka tabbatar ba ɗan kowa ba ne.

Shi ya sa nake ganin ya kamata marubutan fim su koma su karanta "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya daɗe a ɓace kafin a gano shi, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Littafin nan cike yake da baƙi da masu taimakon baƙi. Makau, mijin uwar Umar, fadawa sun yi masa sharri an kore shi daga Kagara. A daji ya gamu da wani maharbi wanda bai san shi ba, ya ciyar da shi, ya nuna masa hanyar Maƙarfi. Shi ke nan. Marubucin bai dawo da maharbin a ƙarshe an naɗa masa rawani ba. Da a hannun wasu daraktocinmu ne, wallahi sai an ba shi sarautar Sarkin Baka da mata biyu.

Sai Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar daga Kano yana yaro bawa, ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mene ne sakamakonsa a labarin? Guguwar rairayi ta binne ayarinsu a Sahara, Umar ya tsira, shi ya halaka. Ita kuwa uwar Umar da ta fito neman ɗanta, wanda ya nuna zai taimake ta shi ya yaudare ta, ta ƙare a cikin bauta, kuma ta rasu ba da jimawa ba bayan Allah ya sada ta da ɗan. Duk da haka mai karatu ba ya rufe littafin yana jin alherin ya faɗi ƙasa. Ilmin da aka bai wa yaron nan shi ne almajiran Rauta ke sha a farkon labarin, mutanen da ba su taɓa ganin Abdulkarim ba. Alherin ya dawo, amma ta wata ƙofa, a hannun wasu mutane.

Ba wai littafin ba shi da aibu ba ne. Ɓalewa ya sassauta wa Abdulkarim fiye da kima, alhali mutum ne da ke cikin cinikin bayi dumu-dumu, cinikin da ya raba yaron da uwarsa tun farko. Shi kansa Umar ya cika sanyi, komai ya same shi sai haƙuri, har ka rasa inda zuciyarsa take. Haɗuwarsa da uwarsa kuma akwai dacen da ya yi yawa a ciki. Amma ko da waɗannan, ya fi fina-finai ɗari girmama hankalin mai karatu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda 'yan fim ke ta aron labari daga Indiya alhali ga wani a ƙasar Kabi yana jiran mai ɗauka. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari a yaƙi da Sakkwato da Gwandu. Ɗansa Yakubu Nabame ba a kashe shi ba, aka tafi da shi Sakkwato, ya yi shekaru a can, rabi baƙo rabi fursuna. Masu tarihi sun ruwaito cewa a wani yaƙi da Gobirawa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, shi kuma Aliyu ya saka masa da izinin komawa gida. Kun ga alheri ya biya alheri, har sau biyu. A nan daraktanmu zai sa waƙar ƙarshe. Tarihi kuwa bai tsaya nan ba: a 1849 Nabame ya ɗaga tutar Kabawa daga Argungu, aka koma fagen fama, yaƙin da bai ƙare ba sai zuwan Turawa. Butulci ya yi, ko kuwa bashin mahaifinsa da na mutanensa ne ya fi bashin masu riƙonsa nauyi? Ka tambayi Bakabe, ka tambayi Basakkwace, amsa biyu za ka ji, kuma kowanne yana da hujja. Jarumin da aka ba wannan rawa sai ya yi gumi, domin dole fuskarsa ta nuna godiya da ɗaci a lokaci guda.

Kuma labarin yana da wutsiya mai daɗi. A 1934, shekarar da aka buga "Shaihu Umar", Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓi baƙonsa da gagarumin su. Daga wannan karamci ne bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Masunta da 'yan kasuwar da suka ci moriyarsa shekara da shekaru ba su ne suka sauki baƙon ba.

Na san furodusa zai ce dawaki da sulke da ɗaruruwan 'yan rakiya kuɗi ne, kuma taɓa tarihin masarautu sai da izini da taka-tsantsan. Gaskiya ne. Amma rabin wannan labari a cikin zaure yake faruwa, tsakanin mutum biyu da kowanne ke bin ɗan'uwansa bashin rai. Wurin ɗauka ma ba sai an gina ba: ga Gidan Tarihi na Kanta, ga Matan Fada, kuma daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar ba ta wuce awa guda a mota.