Gem Ɗin Bahaushe, Dajin Bature

Sunan gem ɗin Hausa ne tsantsa. Jarumin ma an raɗa masa suna irin na gida, an kuma rubuta a ƙasa cewa labarin a ƙasar Zamfara ya faru. Sai an danna an shiga ake ganin abin takaici: itatuwa masu tsini irin na ƙasashen ƙanƙara, gadar dutse, fada mai hasumiya, ga jarumi cikin sulken ƙarfe daga kai har ƙafa yana ratsa ciyawa kore shar wadda ba ta taɓa jin labarin bazara ba. Babu kuka, babu gawo, babu ko rumbu ɗaya. In aka tambayi saurayin da ya yi aikin ina Zamfarar take, sai ya sosa ƙeya ya ce hotunan kyauta ne ya sauko da su daga intanet, kafin ya samu mai zane.

Wannan "kafin" ɗin ne ke ci wa mai wannan rubutu tuwo a ƙwarya.

Bari a fara da yabo, kada a ce hassada ce. Duk matashin da ya zauna a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya haɗa gem da hannunsa, ya cancanci a jinjina masa. Wuta sai ta ga dama, caji a shagon mai sola, data kuwa kowa ya san yadda take ƙonewa. A watan Satumban 2021 ma ɗungurungum aka katse layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga, aka yi makonni mutum sai ya bar Zamfara kafin ya aika saƙo. Duk da haka ba a fasa koyo ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura tun 1983 aka kafa ta, tana ta yaye ɗalibai, wasu kuma a waya suka koya, ba malami. Kayan aikin sun yi araha: Godot kyauta ce, GDevelop na barin mutum ya haɗa ƙaramin gem ko bai iya rubuta manhaja ba, Unity ba ta karɓar kuɗi daga ƙananan masu gwaji, rajistar ɗora gem a Google Play kuma dala 25 ce sau ɗaya. Saboda haka a yau rubuta manhajar ba shi ne babban shinge ba. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, nan gizo ke saƙar.

Kuma nan ne masu manhajar ke nuna halinsu. Sai saurayi ya yi wata da watanni shi kaɗai, ya yanke labari, ya yanke yawan matakai, ya yanke sunan da za a rubuta a farkon allo, wato nasa. Sai komai ya kammala sannan ya tuna akwai wani mai zanen allunan shago a bakin tasha. An gama tuƙa tuwo, an kwashe, sannan aka aika neman mai miya, kuma ana so ya kawo ta kyauta.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa ya san yadda irin hirar ke tafiya. Saurayin zai durƙusa ya gaida dattijon, ya buɗe laftof, ya yi bayani mai tsawo a kan yadda duniya ta ci gaba.

"Na ji ka, ɗan samari. Wanga aiki naka yana da kyau. To wa ka biya?"

"Baba, ai haɗin gwiwa ne. In gem ɗin ya karɓu sai a raba. Kuma suna za ka yi."

"Awo, suna. Shi za ni kai ma mai hatsi ran Alhamis?"

Daga nan saurayin zai koma majalisa ya ce masu zanen garin nan ba su da hangen nesa. Alhali da wani zai ce masa ya rubuta manhajar shago kyauta don ya yi suna, da unguwa ta ji su.

Matsalar ita ce mai manhaja bai san nauyin abin da yake roƙo ba. Yana cewa "ka zana mini ɗan dambe ɗaya" kamar hoto guda yake nufi. Tafiya kawai, ɗaga ƙafa da saukewa, takan ci zane shida zuwa takwas kafin ido ya yarda mutum ne ke tafiya. Ga tsayuwar jiran abokin karo, ga kai naushi, ga kaucewa, ga faɗuwa, kowanne da nasa jerin. Sannan akwai wata dabara da masu manhaja ke ji da ita: a zana mutum yana fuskantar dama, in zai juya hagu sai a sa kwamfuta ta kifa hoton da umarni ɗaya. Ga jarumin Turawa mai sulke wannan ba ya ɓata komai. Ga ɗan dambe kuwa, hannun da aka ɗaure da zare sai ya koma ɗaya gefen, ɗan damben da ya shigo fili da dama ya rikiɗe bahago a tsakiyar turmi. Duk wanda ya taɓa zama gidan dambe zai yi dariya. Haka babbar riga: aljihu da aikin aska a hagu suke, in aka kifa hoton sun koma dama, kuma ko yaron maɗinki zai gane. Mai zanen da aka zauna da shi tun ranar farko zai faɗi wannan kafin a rubuta layi ɗaya. Wanda aka kira a ƙarshe sai dai ya sake zana komai sau biyu, a kan alkawarin suna.

Abin dariyar shi ne gem ɗin da waɗannan samari ke yabo da bakinsu, ba haka aka yi su ba. Hollow Knight, wanda ya fito a 2017 daga garin Adelaide na Ostareliya, ya samo asali ne daga haɗuwar Ari Gibson, mai zanen hoto mai motsi, da William Pellen. Tare suka shiga gasar haɗa gem cikin 'yan kwanaki a 2013, tare suka kafa Team Cherry, tare suka nemi tallafin jama'a a 2014. Ba wanda ya gama ya kira wani. Cuphead, shi ma na 2017, 'yan'uwa biyu ne 'yan Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, suka kafe a kan sai an zana kowane motsi da hannu a takarda irin na katun ɗin shekarun 1930, har suka jinginar da gidajensu don a ƙarasa aikin. Wanda ya cire zanen daga Cuphead, abin da zai rage masa tsalle da harbi ne, irin wanda ke cike a kowace waya.

In an ce waɗannan Turawa ne masu wuta dare da rana, to a leƙa maƙwabta. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa, wanda aka san shi da Les Héros du Sahel, gem ɗin da aka yi ta kira na farko da aka ƙera a Nijar, mai zane ne tun asali. Jaruminsa Shamsou, mai samun ƙarfi daga rana, a littafin zane aka fara saninsa kafin ya shiga gem. A Yawunde ta Kamaru, Kiro'o Games na Olivier Madiba sun sha ɗaukewar wuta iri ɗaya da tamu, amma suka fitar da Aurion a 2016 da zanen hannu wanda shi ya fara jan idon duniya gare su. A Legas, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ta kai ga yi wa Disney gem a 2024 a kan katun ɗin Iwájú. To Iwájú ɗin fa daga ina? Daga Kugali, kamfanin da ya taso a kan littattafan zane. Wurin masu zane Disney ta fara zuwa, masu gem suka biyo baya.

Kuma ba a ce arewacin Zamfara ta rasa abin zanawa ba. A ƙasar Zurmi Dutsi yake, inda masu tarihi ke cewa nan sarautar Zamfara ta fara zama, da labarin sarauniya 'Yargoje da har yau ake bayarwa. Ga Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, wanda Ƙaura ta ci sunansa. Ga tashar jirgin ƙasa da dogo ya iso a 1929 ya tsaya, don nan ne ƙarshen layin, inda aka yi shekaru ana lodin gyaɗa da auduga. Ga kasuwar Shinkafi, da raƙuma da dillalai da fatake daga Nijar, wadda ita kaɗai ta isa gem na ciniki da wayo. Wa zai zana waɗannan? Mai zanen bayan manyan motoci ya san yadda ake sa zaki da dawisu su yi kyau daga nesa, abin da ƙaramin allon waya ke buƙata ke nan. Mai zayyanar allo ya san tsari da daidaito. Mai ƙunshi da mai ɗinkin hula da mai sassaƙar ƙwarya suna ɗauke da zane-zanen da babu su a kowace ma'ajiyar hotunan kyauta. Ga 'yan mata da samari da ke zane a waya da ɗan yatsa, waɗanda ba a ganinsu sai ana neman fosta ta biki.

Kunne ma haka ake yi masa. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, mai kotso, wanda ya yi wa dokin sukuwa waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, ƙasar da ta haifi Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, a ce gem ɗinta kiɗan fiyano na kyauta ke tashi a ciki! Wanda ya ɗan yi ƙoƙari kuma sai ya yanko tsohon faifan marigayi ya liƙa, bai tambayi magada ba. Makaɗan kalangu suna nan da ransu a kowane gari, kiɗan minti biyu da za a ɗauka da waya a ɗaki mai shiru bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Kunyar zuwa ce, ko raini.

Mutanen Iñupiat na Alaska sun nuna yadda ake yi. Da za a ƙera Never Alone, wanda ya fito a 2014, ƙungiyar 'yan asalin Alaska ta Cook Inlet Tribal Council ce ta nemi masu gem, aka zauna da dattawa da masu ba da labari da masu zane kusan 40. Labarin nasu ne na gargajiya, muryar mai ba da shi da harshensu take, salon zanen wasu sassa daga sassaƙarsu ta ƙashi da haure aka ɗauko shi. Gem ɗin ya ci kyautar BAFTA a 2015. Al'umma ce da yawanta bai kama ƙafar ƙaramar hukumar Zurmi ba.

Yanzu kuma an samu sabuwar mafaka, ƙirƙirarriyar basira. Sai a rubuta mata "jarumin Hausa a kan doki" ta fito da wani Balarabe mai rawanin Indiya a gaban rairayin Sahara, linzamin doki ya shige cikin wuyansa. A sake tambayarta hoton mutumin yana gudu, ta kawo wani mutum daban. Za ta gyaru, babu musu, tana ma gyaruwa. Amma ba ta taɓa tsayawa a filin sukuwa ta ga yadda mahayi ke tattare riga a kafaɗa ba, kuma saurayin da ke ba ta umarni shi ma bai lura ba, shi ya sa ya karɓi abin da ta ba shi.

Akwai uzuri, a ba su haƙƙinsu. Ɗalibi ba shi da kuɗi. Eric Barone shi kaɗai ya yi Stardew Valley, zane da kiɗa da manhaja, sai dai shekara huɗu da rabi ya kwashe yana sake zanen har ya iya, abin da masu kafa hujja da shi ba sa faɗa. Su ma masu zanen ba waliyyai ba ne, akwai mai karɓar kafin alƙalami ya kashe waya. Akwai kuma wanda ba ya zana mai rai saboda addini, a girmama shi, a ba shi gem na dara: rami 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, ba fuskar kowa a ciki.

Rashin kuɗi dai bai hana a kira mutum da wuri ba. Tun 2009 ake yin Global Game Jam duk watan Janairu, inda ake haɗa gem cikin awa 48, kuma mai zane da makaɗi da mai manhaja a sa'a ɗaya suke fara aiki, kan tebur ɗaya. Ba sai an je Legas za a kwaikwayi wannan ba, ɗaki ɗaya da sola a Ƙaura ya isa. A zaɓi ƙaramin abu, mataki ɗaya, jarumi ɗaya. A ɗauko takarda a rubuta kason kowa tun ba a ga ko kwabo ba, a rubuta cewa sunan mai zane zai fito a farkon allo da girman harafi ɗaya da na mai manhaja, a ba shi ko kuɗin takarda da data ne a hannu, a sa shaidu biyu.

Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda masu manhaja ba sa son ji: in aikin ya mutu, zanen ya koma hannun mai shi, ya sayar ko ya kai wa wani. Gem ɗin sha'awa da yawa ba a gama su. Bautar ƙasa za ta kira, ko aure ya taso, ko laftof ta ƙone, mai manhaja ya wuce abinsa da ilimin da ya ƙaru da shi, ɗan damben mutane kuma ya maƙale a cikin na'urar da ba ta kunnuwa.