3.2 J.F. Schön da Littafin Magana Hausa (1885)

Kafin a shiga nazarin tatsuniyoyin ƙasar Kabi, ya dace a tsaya a kan mutumin da ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara buga tatsuniyoyin Hausa cikin rubutun boko, wato James Frederick Schön. An haife shi a yankin Baden na ƙasar Jamus a shekarar 1803. Ya yi karatun aikin mishan a Basel, sannan ƙungiyar C.M.S. ta Ingila ta ɗauke shi ta tura shi Saliyo a 1832. A can ne ya fara jin Hausa daga bakin bayin da aka 'yanta aka zaunar a Firitawun. A 1841 ya shiga ayarin da ya biyo kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, amma zazzaɓi ya yi wa ayarin mummunar ɓarna, aka juyo daga ƙasar Nufe. Wannan ita ce iyakar kusantarsa da ƙasar Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila a 1847, ya zauna a Chatham inda ya yi limancin wani asibiti, ya mutu a 1889.

Ayyukansa a kan Hausa sun haɗa da ɗan littafin kalmomi (1843), da nahawu (1862), da ƙamus (1876), da fassarar wasu sassa na Littafi Mai Tsarki, sai kuma Magana Hausa (1885), wanda ya ƙunshi karin magana da tatsuniyoyi da labarai da guntayen tarihi tare da fassararsu cikin Ingilishi.

Tambayar da ta fi damun wannan bincike ita ce, maganar wane ne ke cikin Magana Hausa? Sunan Schön ne a bangon littafin, amma mafi yawan abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito. Dorugu Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana yaro aka sayar da shi a Barno. Adolf Overweg ya fanshe shi, bayan mutuwarsa a 1852 kuma ya koma hannun Heinrich Barth. Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da Abbega, wani yaro Margi, daga nan Schön ya ɗauke su zuwa gidansa. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa. Saboda haka kiran Schön marubucin waɗannan labarai bai yi daidai ba. Matsayinsa na magatakarda ne kuma mai tsarawa. Fasahar zance kuwa, da zaɓen abin da za a faɗa da abin da za a tsallake, na yaron ne. Ana ganin haka ƙarara a wurin da Dorugu yake bayanin yadda Turawa ke zaman cin abinci. Idon baƙo ne ke kallon gidan Bature yana mamaki, abin da Schön ba zai iya ƙagowa ba ko da ya so. Sai a 1971 ne Kirk-Greene da Newman suka fitar da fassarar labarin suna masu ɗora Dorugu a matsayin mai shi.

Littafin yana da dangantaka da yankin da ake nazari, ko da yake ba ta da ƙarfi. Dorugu na cikin ayarin Barth da ya nufi Tambutu a 1853. Sun sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu, suka biyo ta Birnin Kebbi, suka wuce Sayi. A wannan lokaci Kabawa na Argungu, ƙarƙashin Yakubu Nabame, suna cikin yaƙin da suka tayar tun 1849 don ƙwatar kansu daga Gwandu da Sakkwato, hanyoyin fadamar Rima kuwa ba su da aminci. Wato Dorugu ya taka ƙasar Kabi, amma a matsayin bara mai bin ubangidansa cikin hanzari da tsoro. Hausarsa ta Damagaram ce, tatsuniyoyinsa kuma waɗanda ya ji ne tun yana ƙarami. Don haka kuskure ne a ɗauki Magana Hausa a matsayin hujja a kan yadda tsofaffin Argungu ko Birnin Kebbi ke yin tatsuniya.

Akwai kuma naƙasun rubutu. Schön bai bambance baƙaƙe masu lanƙwasa da marasa lanƙwasa yadda ake yi a daidaitacciyar Hausa ba, don haka mai karatu kan rasa ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa, sai ya dubi jimlar gaba ɗaya. Karin sauti ma bai samu shiga ba. Ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya koyi harshe a nesa da masu shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai nazarin adabi shi ne yanayin da aka karɓi labaran. Tatsuniya a ƙasar Kabi da dare ake yin ta, yara suna kewaye da kaka ko gwaggo, suna amsawa, suna karɓar waƙa, tana sauya murya idan ta zo kan Gizo ko Ƙoƙi. Dorugu kuwa a ɗaki yake zaune da dattijo guda mai alƙalami, dole ya riƙa dakatawa har a gama rubuta jimla. Manufar Schön ita ma a bayyane take: samar wa 'yan mishan abin koyon harshe domin wa'azi. Tatsuniya a wurinsa ma'ajiyar kalmomi da jimloli ce.

Duk da haka, ba a yi wa Schön adalci ba idan aka tsaya a nan. Ya bar yaron ya yi magana da bakinsa, har da abubuwan da ba su da amfani ga aikin mishan, kamar labarin yadda aka raba shi da iyayensa. Tarin Frank Edgar bai fara fitowa ba sai 1911, na Rattray da na Tremearne kuwa 1913, kusan shekara sittin bayan zaman Dorugu a Chatham. Wannan tazara ce ta sa za a yi amfani da littafin a babi na huɗu a matsayin ma'aunin kwatanci kawai, domin a ga jigogi da taurarin da suka daɗe a tatsuniyar Hausa tun kafin zuwan Turawan mulki.