Felco 2: Almakashin da Yabo Ya Yi wa Kaɗan

Kai jama'a, wanda ya ƙera Felco 2 ya san hannu, ya kuma san reshe! Félix Flisch ne, mutumin Suwizalan. Ya kafa kamfaninsa a 1945, ya fito da wannan almakashi mai jan mariƙi a 1948, kuma har gobe ana ƙera shi kusan yadda yake tun farko. Me za a gyara a abin da ya riga ya gama haɗuwa?

Duk mai ajiye shuka a falo ko baranda ya san ranar da za ta fi ƙarfin tukunyarta: ta miƙe zalalau, ganye ya tattare a can sama, ƙasa kuwa sanda tsirara. Maganinta datsa, amma tsoro ke hana mutane, don almakashin tela ko dakusasshiyar wuƙa taune reshe suke yi, bakin ciwon ya ruɓe. Felco kuwa ƙyas ɗaya, an gama! Bakinsa na sama mai kaifi yana gilmawa ta gefen na ƙasa mai lanƙwasa, sai yankan ya fito sumul kamar askin gwanin wanzami. Yana cin reshe mai kaurin milimita 25, mariƙinsa na alminiyom kuma ba nauyi.

Na fi jin daɗinsa a kan kariya, furen nan namu na Sahel mai ƙaton gindi. Nakan nemi idon da ke kallon inda nake son sabon reshe ya nufa, in yanka ɗan sama da shi kaɗan, a karkace, ɓangaren kaifi yana wajen uwar shuka. Kan reshe shi ke danne idanun da ke ƙasa da shi. Da zarar an cire shi sai su farka, inda dā reshe ɗaya ne ka ga biyu ko uku sun toho. Wallahi ranar da ka fara ganin waɗannan korayen ɗigo-ɗigon a gefen yanka, sai ka ji kamar ka kira maƙwabta! Ruwan kariya dai dafi ne, a sa safar hannu, a goge bakin almakashin da sifirit kafin a taɓa wata shukar. Kada kuma ɗoki ya sa a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a zama guda.

Ga wata 'yar dabara da ta sace min zuciya: siririyar kwata a bakin ƙasa, wadda ke janye ƙaro don kada ya liƙe. Kuma baki, sifirin, noti, kowanne ana kwance shi a sa sabo.

Da tsada, ba a musu, jabunsa kuma sun yi yawa, sai an lura. Mai ƙaramin hannu ya nemi Felco 6. Amma in kana da tukunyar fure ko guda uku ce, tara kuɗi ka saye shi, ba za ka yi da-na-sani ba.