Tsohon Ƙarfe Ne Ya Dace da Hanyar Tungar Daji

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kwanaki kaɗan bayan Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, inda a kwalba ake sayen mai wurin 'yan bumburutu, abin ya fi haka ciwo. Dama mutanen yankin ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da mai da hawan babur, aka kuma katse layin waya. Ga shi babur a hanyar daji yana jawo wa mai shi idon miyagu. Dole aka waiwayi keke, aka jawo waɗanda suka shekara jingine a zaure da bayan rumbu, masu faci suka sake samun ciniki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zaɓe. Saurayi ya tara kuɗin wakensa ya nufi Gummi ko Gusau, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne keke mai sheƙi, mai shoka gaba da baya, mai giya 21 da manyan rubuce-rubuce a jiki. Can gefe kuma ga kekunan gwanjo da suka shigo daga Turai ta Legas ko Kwatano, fentinsu ya koɗe, wasu ma bodi ne kawai ba taya ba sirdi. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne, a cikin waɗannan tsofaffin ne dukiyar take, musamman bodin keken hawan dutse na ƙarfe zalla, wanda ba shi da shoka, ƙirar shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990.

Asalin wannan keke ma daga gyaran tsoho ya fito. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna sa musu birki mai ƙarfi suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, daga nan Trek da Giant da sauransu suka cika duniya da irinsa. Da yayi ya juya a can, aka koma alminiyon da manyan tayoyi masu inci 29, sai kekuna masu inci 26 suka zama kayan kwantena. A nan kuwa taya da tib na inci 26 ba wuyar samu gare su ba.

Me ya sa ƙarfe? Saboda mai walda. Bodin alminiyon in ya tsage, gyaransa na buƙatar injin walda na musamman da iskar argon, sau da yawa har da gashi a tanda bayan an gama, kuma ba a gefen kasuwar ƙauye ake samun wannan ba. Ƙarfe kuwa yana lanƙwasa kafin ya karye, ana miƙar da shi, ana liƙe shi. Sai dai a kula: bututun kekuna masu kyau, waɗanda ke ɗauke da tambarin Tange ko Reynolds ko True Temper, ko aka rubuta musu 4130, kaurin bangonsu bai cika kai milimita ɗaya ba. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take yi. Waldar gas da tagulla ce ta dace da shi, kuma duk mai waldar da ya ce duk ɗaya ne, a ɗauke keken a yi gaba.

Shoka mai araha kuma nauyi ne kawai. Ƙura da ruwan damina suna shiga ciki, ta ƙage ko ta riƙa girgiɗi, kayan gyaranta babu su.

Sayen bodi kamar sayen san huɗa ne, ƙafa da haƙori ake dubawa kafin a yaba ƙaho. A tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu: in ya kama bututu, ƙarfe ne. Sannan a shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daidai inda suka haɗu da wuyan keke. In an ji ɗan tudu ko fenti ya yamutse, keken ya taɓa yin karo da gaba, kuma nan ne zai tsage wata rana da kaya a kai. A kifa shi a duba gindin feda da siraran bututu biyu da suka nufi tayar baya, don nan ruwa ke kwanciya. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ta ci rami, ko wadda ake jin ɓarɓashinta na kaɗawa a ciki in an girgiza bodin, ta gama aiki.

Akwai gwajin zare, wanda kowane mai gyaran keke ya kamata ya riƙa yi a gaban mai saye. A ɗaura zare a bakin da tayar baya ke shiga, a zagayo da shi ta wuyan keke, a dawo da shi ɗaya bakin. Tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta zama daidai hagu da dama. In ta bambanta sosai, bodin ya karkace, zai riƙa cin taya yana jan mahayi gefe. Sai sandar sirdi: a kwance ta a ga tana motsi. Sandar alminiyon da ta shekara cikin bututun ƙarfe ba giris takan manne har abada, kuma an yi asarar bodi masu kyau da yawa wurin ƙoƙarin ciro ta da guduma. Daga ƙarshe mai saye ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ƙafa biyu a ƙasa, ya tabbata akwai sararin yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da bututun sama.

Sabon fenti a kan tsohon keke abin tuhuma ne, ba abin ƙarin kuɗi ba. Da shi ake rufe tsaga da tabon walda, a manna takardar sunan wani kamfani a kai. Gara bodi mai ƙyasfi wanda ake ganin gaskiyarsa.

Maganar fenti tana da wani ɓangare da bai kamata a yi wasa da shi a wannan yanki ba. Tungar Daji na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shafa a 2010, tare da Dareta da Abare da Sunke da Yargalma, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wasu fentin suna ɗauke da dalma, musamman ja da rawaya. Wanda zai kankare bodi ya yi shi nesa da tsakar gida da wurin girki, ya jiƙa takardar gurza da ruwa don kada ƙura ta tashi, ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauki yaro. In fentin bai lalace ba, a bar shi, a shafa mai a inda ya ɓare.

Masu kishin Rali suna da hujja, kuma a ba su haƙƙinsu. Baƙin keken Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, da 'yan uwansa Phoenix na Sin da Hero na Indiya, har gobe su ne sarakan kaya. Buhun dawa ko jarkoki biyu na ruwa sun fi zama daram a kansu, kuma birkinsu na sanda ba ya neman waya. Amma a rairayi da kwazazzabo da caɓalin Agusta, siririyar tayarsu mai inci 28 nutsewa take yi, birkin kuma ba ya kamawa in rim ya jiƙe. A nan faffaɗar taya ke nuna kanta. Abin da ya fi dacewa da manomi shi ne a haɗa amfanin biyun: bodin hawan dutse, kariya mai ƙarfi da aka ɗaure da kusoshi a ramukan da aka tanada, madigadi, sifok masu kauri a baya. In kayan giyar sun mutu, ba dole a sayi jabu ba. A gajarta sarƙa a bar shi giya ɗaya mai laushi, ko a bar na baya kaɗai.

A Amurka da Ingila masu sha'awa suna farautar irin waɗannan bodi a intanet, su maido da su yadda suka fito daga kamfani, wasu su rataye a bango. A nan abokin takarar mai gyara shi ne ɗan jari bola, wanda sikeli kawai ya sani, bodin Trek da murfin tukunya farashinsu ɗaya a wurinsa. Duk bodin da ya hau motar ƙarafa ya tafi narka ke nan, ba kuma a ƙera irinsa da araha yanzu. Masu gyaran keke na Anka da Nasarawar Burkullu da Daki Takwas za su ci riba in suka riga sikelin: su riƙa leƙa tarin ƙarafan da mayen ƙarfe da zare, su biya ɗan abin da ya ɗara kuɗin kilo, su ajiye bodin a inuwa har mai saye ya zo a haɗa masa daidai tsawonsa da irin kayan da yake ɗauka.